Siton da Na Liƙe da Kwalin Ƙwai

Talata, ƙarfe goma na safe

Malamar magana ta asibiti ta ba ni littafi mai koren bango, ta ce duk kalmar da matata ta furta in rubuta, da rana da lokaci. Na ce mata, malama, ni fa a aji huɗu na sallami makaranta, ko ita ta sallame ni, har yau ba mu daidaita kan wanda ya fara ba. Ta ce ba jarrabawa ba ce. To shi ke nan. Koren littafin na Gwamnati ne, wato matata. Haka nake kiranta shekara ashirin da shida, tunda ita ke yanke hukunci, ni nawa tafi ne. Wannan da nake rubutu a ciki kuwa tsohon littafin zanena ne, inda nake gwada haruffa kafin in hau tsani in rubuta su a allon shagunan mutane. Saura shafi talatin da wani abu. Ba mai karantawa.

Jiya aka sallamo ta, bayan kwana goma sha tara. Hannun dama da ƙafar dama sun shiga yajin aiki, baki ya ɗan karkace, magana ta maƙale a hanya. Mun fito da gado falo don ya fi kusa da banɗaki.

Kalmomin yau: ruwa. A'a. Sai wani a'a ɗin. Duka ukun 'yarmu aka faɗa wa. In na matso kusa da gadon sai ta juya fuska bango.

Ban shiga sito ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta abin da sito yake, ko da wata rana zan manta, wanda ba na zato. Ɗan ɗaki ne a bayan kicin, taku uku da taku biyu. Da can buhunan gawayi da tsofaffin takalma ne ke zaune a ciki, bara na kore su. Na bi masu sayar da ƙwai na unguwa ɗaya bayan ɗaya ina roƙon kwalin ƙwai, har wani ya tambaye ni ko a jikin bango kajina suke saka. Kwali ɗari huɗu da goma sha biyu na liƙe, bango da silin, na buga tsohuwar katifa a bayan ƙofa, don kada ƙara ta fita ta dami mutane. Na shafe ko'ina da ragowar fentin ayyuka, shi ya sa wani gefen shuɗi ne irin na kemis, wani gefen ja irin na mai nama. A ciki nake yanka bututun ruwa na roba, in gasa ƙusa a wuta in huda shi, ya zama sarewa. Guda goma sha ɗaya na yi, uku suna busuwa. Mutum ya haura hamsin kafin ya gano akwai kiɗa a cikinsa, ai dole ya nemi wurin ɓuya.

Saboda wannan aikin Gwamnati ta raɗa min suna Injiniya.

Na yi aiki mai kyau. Abin ma ke nan. Na yi aiki mai kyau ƙwarai.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yaya ta zo, yayar Gwamnati, da mata uku 'yan dubiya. Tun daga ƙofa ta dube ni ta ce, "Mai fenti, kana cin abinci kuwa? Dube ka kamar burushin da aka manta a rana." Na ce, "Yaya, ai tsohon burushi ya fi sanin kusurwa." Ba ta yi dariya ba. Tun ranar da na auri ƙanwarta take ajiyar dariyarta, ban san wa take tara wa ba.

Matan suka zauna suka tambayi yadda abin ya faru. Yaya ta gyara mayafi ta ba da labari kamar da ita aka yi. "Shi wannan bawan Allah ya fita sayen fenti. Ita kaɗai ce a gida, tana girki. Sai 'yar ce ta dawo daga makaranta ta tarar da ita a ƙasa a kicin. Da yana gida ai da an kai ta da wuri, amma haka Allah ya so."

Matan suka ce ayya, sannu Malam, ba laifinka ba ne.

Ni na faɗi maganar fentin. A asibiti, a tsaye, lokacin da likita ya tambaya tun yaushe take haka. Bakina ne ya faɗa, ni ina tsaye a bayansa ina kallo.

'Yarmu, wadda nake kira Uwata, ita ke zuba musu shayi. Shekararta sha tara, tana koyon aikin jinya. Ta ajiye butar a hankali, ta ɗago ta dube ni, ta fita. Kwana ashirin da uku ke nan ba ta ce komai ba a kan wannan. Tsakanina da ita yanzu sai "Baba, ɗaga ta wannan gefen," da "Baba, magani ya kusa ƙarewa."

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Ban kunna rediyo ba. Ban shiga sito ba.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Na cire ƙofar kicin. Na cire ta ɗakin kwana. Na jingine su a tsakar gida, suna kallona kamar waɗanda aka kora daga aiki ba laifi. Uwata ta fito ta gani, ta ce, "Baba, ta banɗaki fa?" Na ce ita kaɗai na bari saboda mutunci. Na so ta yi murmushi. Ta ce, "Sauro zai shigo," ta wuce.

Na ɗaura igiya a hannun Gwamnati na hagu, na bi da ita ta saman labule zuwa gwangwanayen madara guda biyar da na rataye a baranda, kowane da tsakuwa a ciki. Ta dubi igiyar, ta dubi silin, ta sa haƙori ta kwance. Sai na ajiye mata kofin silba da cokali a gefen filo. Wannan ta yarda da shi.

Na yi awo. Na roƙi Uwata ta buga cokalin a kofin, ni kuma ina ja da baya. Daga gado zuwa ƙofar gida taku goma sha bakwai ne, kuma har can ana ji. Taku na sha takwas a kan titi yake, babur ɗaya ya wuce ya cinye ƙarar. To iyakar ƙasata ke nan yanzu, taku goma sha bakwai. Akwai sarakunan da ba su kai ni fili ba, ina jin.

In zan wanke kwano ba na sakin famfo, a roba nake tara ruwa tukuna. Wanka kuwa kofi uku ne, in tsaya in saurara, in ƙara uku.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na yi mata allo. Falanki ne na samu, na shafa masa fari, na raba gida tara, na zana abin da za ta iya buƙata don ta riƙa nunawa da yatsa: kofi, kwano, banɗaki, fanka, filo, taga, Uwata, Yaya, sai ni a gidan ƙarshe. Shekara talatin ina zana kaji da almakashi da kawunan aski a bangon mutane, ban taɓa yin aikin da ya ba ni wuya irin wannan ba. Kofin ya fito kamar hula. Yaya kuwa ta fito daidai, har da taɓe bakin.

Ta yi amfani da shi. Ta nuna fanka. Ta nuna taga. Da yamma ta ɗora yatsa a kan Yaya, sai wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, Uwata ta ce dariya ce. Na rubuta a koren littafi: dariya, ƙarfe huɗu da rabi.

Gidan ƙarshe har yanzu fes yake, ba yatsan da ya taɓa shi. Na yi wa kaina gashi fiye da wanda nake da shi, wataƙila ba ta gane ni ba ne.

Alhamis, ƙarfe sha biyu na rana

Malamar magana ta zo gida. Ta duba koren littafi ta ce an samu ci gaba, kalma goma sha huɗu. Ta tambaya me ya sa gidan yake shiru haka kamar ɗakin jarrabawa. Na ce don mu ji in ta kira. Ta ce masu irin wannan lalurar, wani lokaci kalmar da ta ƙi fita da magana takan fita da waƙa, kamar waƙa ƙofarta daban ce a cikin kai. Ta ce, "Akwai mai waƙa ko kiɗa a gidan nan?"

Na ce babu.

Uwata tana ninke zanin gado. Ta ce, "Akwai."

Malamar ta dube ni, ta dube ta. Na ce, ai 'yan wasanni ne na tsufa, na daina, yanzu numfashina ko balan-balan ba zai hura ba. Ta ce ko rediyo ne a kunna, ko a rera mata wani abin da ta saba ji. Na ce to. Na raka ta har taku na sha bakwai.

Ban kunna ba. In rediyo na magana, yaya zan ji cokali?

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Kalma ta sha biyar: gishiri. Ni na yi miyar. Uwata aka faɗa wa, amma da ni ake. Na karɓa a matsayin saƙo daga sama.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Mai aski na bakin titi ya zo ƙofar gida. Allonsa ya koɗe, kawunan da na zana masa shekara shida da suka wuce duk sun yi furfura da kansu. Ya ce, "Maigida, mutane sun fara zaton askin tsofaffi kaɗai nake yi." Na ce ya kwanto allon ya kawo nan in yi masa a tsakar gida. Ya ce a jikin bango yake, sai dai in ya kawo shagon. Ya ce, "Awa biyu fa kawai, ga 'yarka tana gida yau." Na ce ba zan iya ba. Ya leƙa ta kafaɗata ya ga ƙofofi a jingine, bai tambaya ba, mutumin kirki ne. Ya ce Allah ya ba ta lafiya. Muna cikin sallama na ji kamar ƙarar cokali, na bar shi da hannu a miƙe na ruga ciki.

Barci take. Uwata ce ke juya shayi a kicin.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Yau na yi wauta, bari in rubuta ta tun da zafinta.

Akwai tukunyar da ke kan wuta ranar da Gwamnati ta faɗi. Tana bayan kicin tun lokacin, gindinta baƙi ƙirin, na kankare na kankare ta ƙi. Akwai tambayar da take cina, minti nawa ta yi a ƙasa kafin a gan ta, ba wanda zan yi wa. Likita ya sani amma shi fenti na faɗa masa. Sai na ce ai Injiniya ne ni, in gwada mana. Uwata ta tafi makaranta, Gwamnati ta samu barci. Na ɗauko wata tsohuwar tukunya daidai girman waccan, na auna shinkafa gwangwani biyu kamar yadda take aunawa, ruwa daidai gaɓar yatsa, wuta daidai inda take ajiye ta. Na ajiye waccan a gefe don kwatance. Na zauna da agogo a hannu.

Ruwa ya tsotse. Ta fara kamawa. Ta fara hayaƙi. Ina leƙawa ina kwatanta baƙin da baƙi, bai kai ba, na ƙara jira. Bai kai ba. Na manta gaba ɗaya cewa na cire ƙofar kicin.

Cokali na ji, ba bugu ɗaya ba, kamar ana kiran gobara. Na shiga falo na tarar hayaƙi ya cika, tana ta ƙoƙarin tashi da gefen da ba ya tashi, idanunta a waje. Warin nan ta sani. A daidai nan Uwata ta shigo, an tashe su da wuri. Ta kashe wuta, ta buɗe tagogi, ta rungume uwarta tana cewa, "Umma, ba komai, ba komai, ina nan." Sai da numfashin uwar ya daidaita ta fito ta same ni a tsakar gida, tukwane biyu a gabana.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Bincike nake."

"Binciken me, Baba?"

Ta dubi tukwanen, ta dubi agogon da ke hannuna. Yarinyar nan kaifin kan uwarta ta ɗauko, ba nawa ba.

Ta ce, a hankali don kada a ji a falo, "Da ni ka tambaya da na faɗa maka. An koya mana. Na lissafa tun a motar asibiti, kullum sai na sake lissafawa." Ta ce, "Ƙofar siton nan da ƙafa na buge ta. Ina ihu a bayanka ba ka juyo ba, sai da na fizge iyafis daga kunnenka. Kana ta kaɗa kai."

Na ce, "Uwata."

Ta ce, "Ban ce ka yi da gangan ba. Wa ya ce? Fentin ne ba zan iya ba. Duk wanda ya zo sai na tsaya ana maganar fenti ina zuba shayi. Kuma wannan shirun da ka saka wa gidan, kada ka ce don ita ne. Umma ba ta taɓa son shiru ba. Ka kashe mata rediyo, ka kashe mata komai, ka zauna kana gadin cokali."

Na so in yi wasa. Karo na farko a rayuwata shagon barkwancina a rufe.

Na duba agogo lokacin da ta kashe wutar. Baƙin bai ma kai na waccan ba tukuna. Ba zan rubuta minti nawa ba.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Na mayar da ƙofar kicin.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Uwata tana da jarrabawa, ni na taje wa Gwamnati kai. Ban iya ba, ta jure. Daga inda gadon yake, in an bi ta kicin da ido, ana hango gefen ƙofar sito, da katifar da ta leƙo ta ƙasa. Na lura can take kallo. Ba yau ta fara ba, yau ne dai nake tsaye a bayanta na ga inda idon ya nufa. Na ɗauko allo na ce me take so. Ta ture shi. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna can.

Na ce, "Na gane."

Gobe zan rushe shi. Kwali, katifa, bututu, duka. Gawayi da takalma su dawo gidansu, dama su ne masu haƙƙi.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga da safe, bayan ta karya. Komai na nan yadda na bar shi, kujera a kife, wayar da nake sa kiɗan ganga a ciki in bi da sarewa tana ƙasa ta mutu, iyafis na reto a jikinta. Na fara ta gefen shuɗi. Gam ɗin da na sa mai kyau ne, kowane kwali sai ya taho da fatar bango. Na cire kamar talatin sai cokali ya fara. Na ruga. Ba ruwa, ba banɗaki, ba fanka. Na koma. Na cire biyar, cokali. Na dawo. Sau huɗu muna haka.

A na huɗun na durƙusa a gaban gadon da kwali a hannuna, na ce, "Gwamnati, rushewa nake, kin gani? Yau zai fita daga gidan nan."

Ta ce, "A'a."

Ni ta faɗa wa. Tana kallona ta faɗa. Kwana talatin da tara rabon da idonta ya tsaya a kaina.

Sai ta rufe baki ta fara rera wani abu ta hanci. Da farko ban gane ba, muryar na rawa. Da ta hau gaɓa ta biyu sai na zauna a ƙasa. Waƙata ce. Ba ta rediyo ba, ba ta kowa ba. Ni na ƙirƙiro ta a cikin sito, wata biyar ina haɗa ta, ban taɓa busa ta a waje ba ko sau ɗaya. Ta bi ta tiryan-tiryan har wurin da take hawa sama, inda yatsana kullum yake makara sarewar ta yi ƙara kamar an taka ɗan kyanwa. Ta yi ƙarar. Daidai yadda nake yi. Ta koma farko, ta sake zuwa wurin, ta sake yin ƙarar.

Na ce, "Kina ji? Daga kicin ana ji?"

Ta ce, "Kullum." Da ƙyar kalmar ta fito, amma ta fito.

"To ai da na gama aikin na shiga na busa, na fito na tambaye ki, kika ce ko kaɗan ba ki ji ba."

Gefen bakinta mai aiki ya ɗaga. Ta ɗaga kafaɗa ɗaya.

Kwali ɗari huɗu da goma sha biyu. Har maƙwabta suna ji, ashe.

Na ce, "Ranar nan ma?"

Ta rufe ido ta buɗe.

Na ce, "Ban je sayen fenti ba."

Ta yi wani tsaki da rabin baki, wanda ma'anarsa a shekara ashirin da shida ba ta canza ba: wa kake faɗa wa? Ta yi ƙoƙarin magana, ta maƙale, ta dunƙule hannu ta bugi katifa. Sai ta koma kan waƙar, ta ɗora kalmomin a kai ɗaya-ɗaya, kamar mai tsallaka ruwa a kan duwatsu. "Na kira. Na kira. Na gaji." Ta huta. "Kai... kana ta... kuskure."

Ina kuka ina dariya, ban san wanda ya riga ba. Tana kwance a siminti, tukunya na ƙonewa a kanta, bango ɗaya tsakaninmu, abin da take ji shi ne ni ina taka ɗan kyanwa ina komawa farko.

Na ce ta yafe min. Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta ce ba ta yafe ba. Ta nuna sito, ta ce, "Ɗauko."

Uwata tana tsaye a bakin ƙofa da littafinta a hannu, ban san tun yaushe ba. Ita ta je ta ɗauko. Ta kawo wata sarewar da ba ta busuwa, na ce ba ita ba, mai ɗaurin jan zare. Ta koma.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Jiya na busa, yau ma na busa, a falo, a kan kujerar roba, ba abin da ke kunnena. Numfashi ya gudu, leɓe ya manta. In na zo wurin hawan sai ta ɗaga cokali ta jira, ina kuskurewa ta buga kofi. Sau tara yau. Tsakanin bugu da bugu tana ɗora kalmomi a kan waƙar, wasu na gane, wasu ban gane ba. Koren littafi ya samu shida sababbi. Ɗaya daga ciki "wawa" ce. Na rubuta ta da kyakkyawan rubutu, da lokaci, da wanda aka faɗa wa.

Hannun dama bai motsa ba. Uwata ta ce wataƙila ba zai motsa ba, kuma ta faɗa min dalilin ba tare da ta kawar da kai ba. Na saurara har ƙarshe.

Sito na nan rabi a yage. Ban san me zan yi da shi ba. Har yanzu ban wuce taku na sha bakwai ba, mai aski ya aiko a gaishe ni.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Yaya ta zo da wata sabuwar 'yar dubiya. Aka zauna, Uwata ta kawo shayi, Yaya ta gyara mayafi ta fara, "Shi wannan bawan Allah ya fita..."

Na ce, "Yaya, ban fita ba. Ina sito ina busa, na toshe kunnuwana. Ni na ce fenti, ƙarya na yi."

Baƙuwar ta tuna tana da wani wurin zuwa. Yaya ta ajiye kofi, ta miƙe tsaye don ta samu iska sosai, ta fara daga ranar da na fara zuwa gidansu da fenti a farce, ta biyo shekara-shekara ba ta tsallake ko ɗaya ba. Uwata ta zo ta tsaya a gefen kujerata. Gwamnati na riƙe da cokali, ba ta buga ba, ta bar ta ta gama.

Minti ashirin da biyar tana zagina. Ina zaune a gabanta, kowace kalma na ji.